Tsirkiyar da Ke Cikin Ambulan

Mohandessin, Alƙahira
12 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Humaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da babanki Yaya Abdulhadi da mamanki Nana Aisha da duk mutanen gida a Kaduna. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa. Baban Tasneem yana ta fama da aikin ofishin jakadanci. Tasneem kuwa Hausarta ta gama cakuɗewa da Larabci, ko faɗa nake mata sai ta ce tamam, wato to, ta wuce. Ni kuma ina nan ina koyar da yara kiɗa a makarantar nan ta Giza.

Na kira ki sau uku ba ki ɗauka ba, shi ya sa na koma takarda, tunda Gideon, abokin aikin baban Tasneem, zai je gida hutu. Mamanki ta gaya mini kin je kin sa malamarku ta cire sunanki daga cikin waɗanda za su yi waƙa ranar ba da kyaututtuka, kuma ƙarshen watan nan za a rufe sunaye. Ta ce abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu, babbar ukulelen da na aiko miki, wato bariton, kin tura ta ƙarƙashin gado kin ce lalatacciya ce, kada kowa ya buɗe jakarta. Shekararki ta ƙarshe ke nan a makarantar, Humaira. Idan ranar ta wuce ba za ta dawo ba, kuma ban yarda ki zauna cikin masu tafi ba.

Na san abin da ke hana masu kaɗa ƙaramar ukulele taɓa babbar, don kullum ina jin sa a ajina. Wata za ta ce wuyanta ya yi tsawo, yatsunta ba sa kaiwa. Wani ya ce ai wannan ba ukulele ba ce, jita ce da yunwa ta hana girma, ba ta da wannan zaƙin murya mai tsalle da suka saba. Duk wannan da gaskiyarsa, amma sati biyu yake ɗauka hannu ya saba. Babban abin da ke korar mutane shi ne wanda na ji ya same ki: kin zauna da ƙawayenki, kin ɗora yatsu daidai inda suka ɗora, kuka kaɗa tare, sai naki ya fita dabam, suka yi ta dariya. Ba hannunki ne ya yi kuskure ba. Ɗaurin tsirkiyoyinta ne ya fi na ƙaramar ƙasa. Riƙon da ke ba su sautin C, ke G yake ba ki.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Lokacin da na sayi tawa ta farko, ni da takardar shaidata ta koyarwa, haka ta yi mini. Sai na ce ai ba a ɗaure ta daidai ba ne. Na ɗauko waya ina auna sauti da ita, na kama murɗa kunnuwanta ina ƙara wa tsirkiyoyin tauri don su kai ɗaurin ƙaramar. Ina murɗawa, itacen yana ƙara, ban daina ba, sai ji na yi tas! Tsirkiya ta tsinke ta zane ni a bayan hannu. Na kwashe ta cikin fushi na hau ƙaramar bas zuwa Hayyin Ashir, wurin wani dattijo Bahaushen Sudan mai gyaran kayan kiɗa, ana ce masa Amm Tarig. Na ajiye masa na ce an sayar mini da ruɓaɓɓen kaya. Ya juya ta, ya dubi hannuna, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, amma yana so ya san laifin da baiwar Allah ta yi mini da nake shaƙe ta sai ta yi muryar ƙanwarta. Ya ce in ni malama ce, to shi yana tausaya wa yaran ajina masu kaurin murya.

Maganar nan ta tsaya mini, kuma saboda ita na aiko miki da bariton ba wata ƙaramar ba. Na ji waƙar da kika turo mini da sallah. Muryarki mai kauri ce, irin ta Inna, amma kina miƙe wuya kina matse ta don ta kamo ƙaramar ukulele, kina kaiwa sama sai ta karye. Irin abin da na yi wa tsirkiyar nan shi kike yi wa maƙogwaronki. Ki gwada wannan: ki ɗauki babbar ke kaɗai a ɗaki, ki riƙe ta yadda kika saba riƙe ƙaramar, kada ki canza komai, ki rera waƙar. Za ki ji ta sauko da kanta inda muryarki ke zaune. Na tabbata da wannan kamar yadda na san sunana.

In kuma tare da ƙawayenki za ku hau, abu ne mai sauƙi. Idan suka kama C, ke ki yi riƙon da kika sani da F, za ku haɗu. A bayan takardar nan na zana miki sauran riƙon, huɗu ne kawai waƙarku ke bukata. Su shida duk sama suke kaɗawa kamar tsuntsaye, babu mai riƙe musu ƙasa. Ranar da kika shiga daidai, su da kansu za su ji abin da ya yi ta ɓace musu.

Saura batun jakar da kika hana a buɗe. Ban gaya wa mamanki zargina ba, kuma ba zan gaya mata ba. Jiya na koma wurin Amm Tarig na ce ya ba ni tsirkiyar bariton, 'yar ɗan'uwana ce nake jin ta bi sawuna. Ya tambaya ko jinina ce ta gaske, na ce ƙwarai. Sai ya ba ni saiti biyu, ya ce ɗaya ba zai ishi danginmu ba. Suna cikin ambulan ɗin nan. Ki canza wadda ta tsinke, ki ɗaure su D, G, B, E daga mai kauri zuwa siririya, kina kaiwa ki tsaya, khalas, shi ke nan. Ranar Litinin ki je wurin malamarku tun kafin a shiga aji ki ce a mayar da sunanki. Ba sai kin yi dogon bayani ba.

Ki gaida mini Inna da kyau, ki ce ina nan ina nemo mata maganin gwiwar. Ki gaida babanki da mamanki, da Husseina da Abdulbasit. Baban Tasneem da Tasneem suna gaishe ku. Allah ya yi miki albarka, ya buɗe miki karatu.

Idan kin kira, kada ki tsaya gaisuwa ko ban haƙuri. Ki ajiye wayar a kan gado ki kaɗa, zan gane ke ce.

Gwaggonki mai tabo a bayan hannu,
Batulu