Marken Da Aka Shafa Wa Fenti

Litinin, bayan yankan gero

Zuwa ga 'yata Ummu Salma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Watari. Yau na tashi da ɗan sauƙi. Tarin ya lafa, amma ƙafafun nan har yanzu a kumbure suke, sai da sanda nake kaiwa masallaci. Na ɗauki biro ne domin a waya ba na jin abin da kike faɗa, sai in yi ta cewa "to" ina jin kunya.

Kin san marken da ke gabashin gonarmu. Da kansa ya tsiro, ni da mahaifiyarku muka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ranar da Allah ya karɓi ranta, daga jikinsa aka saro itacen da aka jera a kabarinta kafin a zuba ƙasa, domin gara ba ta saurin cin marke. Tun ranar na ƙudurta cewa nawa ma daga nan za a saro. Ban taɓa gaya wa kowa ba, a ganina ba abin da sai an faɗa ba ne.

To, da damina wasu mutane suka zo da mota tare da yayanki Naziru. Wai kamfani ne mai aiki da yardar gwamnati. Suka auna kaurin kowace bishiya, suka shafa mata jan fenti da lamba. Bayaninsu shi ne masana'antun ƙasashen waje suna fitar da hayaƙi, bishiyoyinmu suna shanyewa, don haka za a riƙa biyan manomi ladan barin bishiyarsa a tsaye. Sunan abin kabon kiredit. Sharaɗin kuwa, ba sara, ko reshe ɗaya, har tsawon shekarun da ni dai ba zan gani ba. Naziru ne ya sa hannu a madadina tunda shi ke kula da gonar, ya koma Dawanau wajen cinikin hatsinsa.

A majalisa kowa da tasa. Masu yara a makaranta suna cewa a bari, wa ya taɓa biyanmu don bishiya? Mata suna kukan itacen girki. Abokina Madu kuwa, kin san bakinsa, ya ce bai zaci zai rayu ya ga an kai iska kasuwa ba, har ya tambayi jami'in kamfanin ko da mudu suke aunawa ko da tiya. Ni ban ƙi tsarin ba. Tun kafin a haifi waɗannan samarin muke barin gawo a gonakinmu. Abin da ya yi mini ciwo, sun tambayi tsawon bishiya da kaurinta, ba wanda ya tambayi me aka ajiye ta domin shi.

Na aika wa Naziru ya zo da jami'in, a cire mini marken nan kaɗai daga lissafinsu. Ya ce ranar Juma'a in sha Allahu. Ki taya ni addu'a.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki,
Abdulmumini


Juma'a

'Yata Ummu Salma,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Ni kam jikin ya koma baya, tuwo ma ba ya shiga, sai kunun da maƙwabciyarmu Ramlat take aiko mini, Allah ya saka mata.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Madu ya rasu shekaranjiya da safe, bayan ɗan zazzaɓi. Shi kaɗai ya rage mini cikin waɗanda muka zauna aji ɗaya. Amma ba rasuwar kaɗai nake so in ba ki labari ba.

An yi masa wanka, an yi sutura, an haƙa kabari. Samari suka ɗauki gatura kamar yadda aka saba, suka shiga gonaki, suka dawo hannu banza. Duk bishiyar da suka nufa da fenti a jikinta. Ashe yarjejeniyar ta gari ce gaba ɗaya: idan aka sari guda, sai a dakatar da biyan kowa. Wannan ya ce a sara a gonar wancan, wancan ya sunkuyar da kai. Mutanen da suka sha shayin Madu shekara da shekaru! Na ce a je a sari markena, amma muryata ba ta kai ko'ina ba. Mai unguwa ya dafa kafaɗata, ya ce Baba a yi haƙuri, bakuna da yawa ke jiran abin nan.

Gawar tana kan makara a inuwar katanga har aka yi azahar, kafin a dawo daga Tsanyawa da guntayen katako irin na akwati. Da su aka rufe shi. Ina tsaye ina kallo aka zuba ƙasa, na ji ɗaya ya ɗan yi ƙara. Ban iya tsayawa addu'a ba, sai riƙo ni aka yi zuwa gida.

Na yi tunani sosai tun ranar. Na ga fuskokin mutanen, ba mugunta ba ce, talauci ne. Saboda haka ga wasiyyata, kuma ke nake damƙa wa, domin na san ba za ki saɓa ba. Idan tawa ta zo, kada kowa ya taɓa marken. Ba na so a riƙa nuna Naziru ana cewa ubansu ne ya ja wa gari asara. Ku rufe ni da abin da ya samu. Roƙona ɗaya, ku sa ni kusa da mahaifiyarku idan akwai wuri.

Ki yafe mini munin rubutun. Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'a.

Mahaifinki,
Abdulmumini

Ƙari: Na sa an shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida tun da aka sauko daga masallaci, domin in gaya wa Naziru da bakina cewa na janye maganar, ya daina jin nauyina. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai in ɗaga kai. Yanzu ana kiran magariba. Bai zo ba.