Baƙon Da Na Raka Har Mota

Litinin, 16 ga Oktoba

Yau na gane. Ina kicin ɗin Baban Serah, mijin ƙanwata, ina wanke kofunan masu gaisuwa, sai wata ta ƙara muryar talabijin a falo, wai an kama wanda ya yi harbin. Na leƙa da kumfa a hannuna. Bature ne, furfura a gemu, hanci a ɗan karkace. Na san hancin nan. Na ga bakin nan yana shan gwaten da na dafa.

Shekaranjiya da aka harbi ƙanwata Nanven ban ga kowa ba. Ina cikin shagon Gate City, inda mu baƙin ƙasar nan muke sayen kayan abincin gida, ina juya doya, ita tana waje kusa da mota tana amsa waya. Na ji ƙara sau uku, na ɗauka taya ce ta fashe. Na ci gaba da zaɓe.

'Yan sanda sun ce saboda aikinta ne. Kwana huɗu a sati tana karɓar haihuwa a babban asibiti, ranar Juma'a kuma tana zuwa ƙaramin asibitin da ake cire ciki.

Na koma na ƙarasa wankin. Ban ce wa kowa komai ba.

Laraba, 18 ga Oktoba

Bari in rubuta a nan, tunda bakina ya ƙi.

Farkon Satumba, ranar Lahadin zumuntar mata, baƙo ya shigo coci. Fasto ya ce ya miƙe, muka tafa masa. Shi kaɗai ne fari a cikinmu, na ji tausayinsa. Na zuba masa gwaten acca, ya sha ya yaba, na cika masa robata da sauran. Da zai tafi na raka shi har mota. Haka Mama ta koya mana a Langtang, ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai.

A hanya ya ce ya ji akwai likita a cikinmu da ta taimaki 'yarsa, yana son ya yi mata godiya. Na ce ai ƙanwata ce, ni na goye ta, ni na tsaya a firamare ita ta wuce. Turancina a karye yake, amma ranar bakina ya buɗe. Na ce yau tana aiki, amma duk Asabar ƙarfe goma tana ɗaukata daga Glenwood mu je sayen doya. Na faɗi shagon. Na faɗi kalar motar.

Ya ce Allah ya yi mini albarka.

Asabar, 28 ga Oktoba

Mun binne ta. Wasu 'yan coci ba su zo ba, na san dalili. Hauwa'u da muke aiki tare a gidan tsofaffi ta zo da mayafinta da kula biyu cike da masa, ta zauna can baya. Matan da ban taɓa gani ba sun cika benci uku, wasu da jarirai. Ɗaya ta riƙe hannuna ta ce da ba don Dakta ba, da ita ce a cikin akwati tun bara.

Ni ma ban taɓa son aikin Juma'ar nan ba. Mun yi faɗa a kai sau ɗaya, a mota. Ta ce, "Yaya, wadda ta zo mini jini na zuba, in fara tambayarta cocinsu?" Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce, "To riƙe mini ledar nan." Faɗan ya ƙare a nan. Har yanzu ban san wa ke da gaskiya ba. Na dai san ba mai bindiga ba ne.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Ƙarfe goma na sa takalmi na tsaya bakin taga.

Lahadi, 24 ga Disamba

Baban Serah ya ce in bar hayar Glenwood in dawo Summerfield, gidan ya yi musu girma. Dachung, Baban Serah ɗin, mutumin kirki ne, shekara ashirin yana kirana Yaya. Na ce bas ba ta zuwa can. Ya ce shi ne bas ɗin. Na yi dariya don ya bar maganar. Yaya zan zauna a teburinsu kullum?

Serah ta cika sha shida. Ina mata Hausa tana amsa mini da Turanci, sai dai "Anti, akwai saura?" Wannan kam ta iya.

A coci na daina raba abinci. Na ce ƙafa ce ke damuna.

Talata, 20 ga Fabrairu

Lauyar gwamnati ta kira mu ofis, ni da Baban Serah da Serah. Mace ce siririya, tana magana a hankali don in gane. Ta ce lauyan mutumin ba ya musun harbin. Abin da suke cewa shi ne bai shirya ba, wai wucewa yake yi ya gan ta, ya gane fuskarta, kansa ya juye. In masu yanke hukunci suka yarda da haka, laifin zai ragu, wata rana zai iya fitowa. Ta ce tana neman abin da zai nuna ya daɗe yana bin ta. Akwai wata likita da aka samu sunanta rubuce a wata takarda tasa, tun Oktoba ba ta kwana gidanta ba.

Sai ta jera mana hotunan kayan da aka samu a motarsa, ko za mu gane wani abu. Hula. Taswira. Roba mai shuɗin murfi, an rubuta harafin C da jan farce a gindi.

Duk matan zumunta haka muke yi don kada kwanuka su ɓace. Ni ja nake sawa, harafin farko na sunana.

Baban Serah ya girgiza kai, bai sani ba. Serah tun tana 'yar shekara biyar take cin abinci a robobina. Ta kalli hoton, ta kalle ni.  Ko a ofis ko a mota ba ta tona ni ba.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na gaya wa Hauwa'u lokacin hutu, muna ninke zannuwan gado. Ta saurara har ƙarshe, ba ta bar ninkin ba.

Ta ce, "Celina, ke kika ba shi bindiga?" Na ce na ba shi hanya. Ta ce, "Gwate kika ba shi. Ni ma da masallacinmu ya zo, har fura zan haɗa masa." Ta ajiye zanin ta ce, "Amma yarinyar nan ta gani. Za ki bar ta ta ɗauki wannan ita kaɗai, tana rufa miki asiri a gaban ubanta?"

Ban taɓa tunaninsa ta nan ba.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na je Summerfield da rana. Na ƙi kujera, na zauna a ƙasa na faɗa musu duka, har kalar motar.

Baban Serah ya tashi ya fita baya. Ta taga na gan shi tsaye a shingen maƙwabta yana kallon dawakai. Ya daɗe. Serah ta sauko ta zauna kusa da ni, ta ce da Turanci ta ɗauka na manta ne, ko kuma na sani ina tsoronsu. Na ce na biyun. Ta ɗora kanta a kafaɗata, nauyinsa kamar na uwarta.

Da ya dawo idonsa ja. Ya ce, "Yaya, wata huɗu." Na ce e. Ya ce, "Wata huɗun ne ya yi mini zafi, ba rakiyar ba." Sai ya ɗauko waya ya ce in tashi daga ƙasa, Litinin zai kai ni wurin lauyar.

Bai ce ya yafe ba. Amma shi ya mayar da ni gida, ya jira har na buɗe ƙofa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Wata takwas da 'yan kwanaki ban buɗe littafin nan ba. Shekara ta zagayo. Yau na tsaya a kotu.

Sun kawo mai fassara, wani malami ɗan Nijar, Hassoumi, Hausarsa da ɗan Faransanci a ciki. Na ce masa ya faɗa yadda na faɗa, kada ya gyara mini. Aka nuna mini robar a cikin leda. Na ce tawa ce. Aka nuna hoton da matan zumunta suka ɗauka ranar, ga shi can gefe da cokali a hannu.

Lauyansa ya tambaye ni me ya sa na yi shiru wata huɗu. Na ce kunya. Ya ce ko dai daga baya na haɗa labarin? Na ce, ranka ya daɗe, da haɗawa zan yi, da na haɗa wanda ba ni ce na nuna masa ƙanwata ba.

Na kalli mutumin sau ɗaya. Ya rame. Shi bai kalle ni ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Masu yanke hukunci sun ce ya shirya. Ɗaurin rai da rai, ba fitowa. Lauyar ta ce ɗayar likitar za ta koma gidanta.

Na zaci zan ji daɗi. Yunwa na ji. Baban Serah ya tsaya ya saya mana kaza, muka ci a cikin mota mu uku, Serah ta cinye nawa dankalin.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na dafa gwate, don Serah ta matsa ne kawai. Tunda na kai coci, ai ba zan tsaya ina kallo wasu na zubawa ba.

Wata baƙuwa ta zo, ɗalibar jami'a, Christy, sati biyu da sauka, rigar sanyinta ba ta kai ba. Na cika mata roba. Da za ta tafi na ce a raina bakin ƙofa zan tsaya. Iska ce ta yi yawa, ga roba ga jaka a hannunta, shi ya sa na kai ta tashar bas. Ta tambaye ni ko ina da 'yan'uwa a nan. Na ce ina da ƙanwa, likita ce, ta rasu bara. Na ce ina da 'ya da suruki. Daga nan na yi mata maganar inda ake samun rigar sanyi mai kauri.

Serah ta samu takardar tuƙi. Ta ce Asabar ƙarfe goma za ta zo, in shirya. Da Hausa ta faɗa, duk a karkace. Na ce mu gani.

Har yanzu ban koma shagon ba. Shekara guda ke nan ba doya a gidan nan.