Ƙuri'ar Tato Guda Ɗaya

Poplar Bend, Saskatchewan
18 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga ƙanena Miron,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Noreen da yara. Allah ya tsare ka a ramin ma'adinan nan na Ostareliya, don har yau in na tuna a ƙarƙashin ƙasa kake neman abinci sai gabana ya faɗi. Mu nan da sauƙi. An gama girbin alkama, ko in ce abin da fari ya rage mana. Maigidana Stefan yana ta ƙorafi, amma ka san shi, ko shekarar albarka ce sai ya samo abin kuka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar mahaifinmu ce, Tato. Ban sani ba ko ka ji an rushe mazaɓarmu. Matasa sun watse birane, mahukuntan Ottawa suka duba ƙidaya, suka yanka ta gida uku kamar burodi, mu aka liƙa mu da mutanen ƙetaren kogi. Zaɓen watan gobe shi ne na farko cikin shekara sittin da huɗu da babu sunan Poplar Bend. Shi ne Misis Lindqvist ta ɗakin karatu ta ɗauki aniyar rubuta tarihin zaɓukanmu, wa ya ci wa ya faɗi. Zamanin tsohon likitan nan da ya wakilce mu a majalisa bai ba ta wahala ba, haka na jam'iyyar manoma. Da ta iso 1963 kuwa, sai ga ta a ƙofar gidanmu da littafinta.

Kana ɗan shekara shida lokacin, bari in tuna maka. Tato ne baturen zaɓe, kuma doka ta hana mai wannan kujera jefa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki. Ƙanensa Baffa Ostap ya tsaya takara da Gilchrist mai shagon kayan noma. Aka ƙirga, alƙali ya sake ƙirgawa, aka tashi daidai wa daida. Aka miƙa wa Tato takarda, ya rubuta Gilchrist. Shekara ashirin da biyar ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa Tato da Baffa ba. Ranar jana'izar Mama ma a bayan coci Baffa ya tsaya, ana idarwa ya fice. Mu kuwa muka tashi muna taƙama, wai ubanmu ba sani ba sabo.

Tato ya ba Misis Lindqvist shayi, ya ce mata tsufa ya cinye masa tunani, ya raka ta har mota. Da ya dawo ya tarar da ni a kicin ina feraye dankali, sai ya ja kujera. Ya ce Darusiya, ƙarya na yi wa baiwar Allah nan, babu abin da na manta. Ya ce ranar nan a farfajiyar kotu yana jin 'yan kasuwar gari suna ta shewa, wai ai an gama, ɗan Yukren ba zai tsallake ɗan'uwansa ba. Shi ne na farko a mutanenmu da aka ba wannan aiki, sai ya ji kunyar a ce an gani. Ya ce ya sani sarai Ostap ya fi Gilchrist komai, ba adalci ya yi ba, tsoron baki ya ji. Miron, wuƙar faɗuwa ta yi daga hannuna. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na ji tausayinsa, har yanzu ban san wanda ya fi yawa ba.

Ya ce in kai shi wurin Baffa a gidan kula da tsofaffi. Na gaya masa hankalin Baffa ya gushe tun bara, ya ce ko ma yaya ne. Na kira Slavka 'yar Baffa, ta ce oho, sai da aka binne mazaɓar ya tuna yana da ƙane? Ihu bayan hari ke nan. Amma ta yarda, Allah ya saka mata. Ran Lahadi Tato ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya sa na dafa miyar borsh a kwano, wai Ostap yana son ta da tsami.

Muna shiga Baffa ya miƙo hannu da fara'a, na ce a raina alhamdu lillahi. Ashe bai gane shi ba. Shi a wurinsa ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe ne, Tato kuma wani manomi ne da ya zo gaisuwa. Ya tambaye shi kadada nawa ya shuka, ya yi masa alkawarin hanya har bakin rumbun hatsi, ya ce kada ya bari Gilchrist ya saye shi da man tarakta. Sannan ya ce to maigida, zan samu ƙuri'arka? Tato ya ce ka samu. Baffa ya yi dariya, ya jawo shi kusa kamar mai faɗin asiri, ya ce yayansa Prokip ne baturen zaɓe, doka ta ɗaure masa hannu, bawan Allah, amma da yana da ƙuri'a, shi kam ba sai an roƙe shi ba. Tato ya riƙe hannun nan gam. Ni fita na yi na tsaya a baranda.

Tun ranar abinci sai na yi da gaske Tato yake kai cokali uku. Kowace Lahadi sai mun koma, yana jiran ranar da hankalin Baffa zai dawo ko na minti biyar ne. Likita ya ce irin ranakun nan sun kusa ƙarewa. Na ce Tato, in ya gane ka fa korar ka zai yi, me ya sa ba za ka bar shi da farin cikinsa ba? Ya ce shi abin da yake nema ke nan. Gara Ostap ya gane shi ya zage shi, da ya riƙa yabonsa bai san wa yake riƙe da hannunsa ba.

Don Allah ka nemi hutu ka zo kafin Kirsimeti. Ni kaɗai na gaji da ɗaukar tsofaffin nan biyu a zuciyata, kuma ban san wanda zai riga tafiya ba.

Ka gaishe da Noreen, ka shafa min kan Petro da Larisa. Stefan da Slavka suna gaishe ka. Tato ya ce in ce maka yana nan lafiya, to na faɗa.

Yayarka mai kewarka,
Darusiya