Gwangwanin Ƙarƙashin Gado

Coloane, Macau, 3 ga Janairu

A Fai,

Gaisuwa, da fatan kai da iyalinka kuna cin abinci da daɗi. Ni ma ban mutu ba tukuna.

Ga takardar bankin da ka aiko na mayar maka. Wanda ya sayar da jirgin kamun kifin Baba bai tambayi yayansa ba, ba shi zai saya wa matata makwanci ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ban kuwa manta ba.

Tokar gawar matata Sio Ha ta shekara huɗu a kan kantar aro a haikali, cikin baƙi. Na ga gurbin ajiye toka a bangon da ke kallon teku, dala dubu ɗari huɗu. Da hannuna zan saya mata.

Ka ce wai caca nake yi. Poka, wasan kartar da nake yi, ga mai haƙuri kamun kifi ce: ka zauna, ka yi ta yar da karta, har babban ya zo. Shekarata tara a ƙaramin tebur, inda ake zama da dubu biyar. Aji biyu na yi a makaranta, ba kamar wasu ba, amma ina da doka: ba na hawa tebur sai ina da kuɗin zamansa sau talatin a gwangwanin wasa. Ɗaya gwangwanin, na kuɗin akwatin gawata, yana ƙarƙashin gado kamar na kowane tsoho.

Babban tebur dubu goma ake zama da shi. Ina da zama ashirin da biyu. In na juye gwangwanin gado a kai, talatin cif. Wata shida a can ya fi shekara uku a nan, gurbin kuma ba zai jira ni ba.

Ba shawara nake nema ba. Ka huta lafiya.

Yayanka, Kam Tou

Hong Kong, 9 ga Janairu

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan gwiwarka ta yi sauƙi da wannan sanyi.

Na karɓi takardar, ba zan yi musu ba. Amma Yaya, dokarka ce, ba tawa ba, kuma ashirin da biyu ba talatin ba ne. Kuɗin akwatin gawa ba jari ba ne. Duk wanda ya zauna da shi a tebur, ba karta yake kallo ba, kabarinsa yake kallo. Na taɓa ganin haka da idona.

Ina roƙonka ka jira, ko ka bar ni in kama maka. Matar Yaya ta ciyar da ni shekara shida ina makaranta.

Ƙanenka mai biyayya, Kam Fai

Coloane, 27 ga Janairu

A Fai,

Ina gaisuwa, duk da bakinka ya kama ni.

Na hau babban teburin. Ranar farko Lou mai haƙorin zinariya, wanda muke ƙaramin tebur tare, ya leƙo ya ce, “Baba Kunkuru, hanya ka ɓata ne, ko bayan gida kake nema?” Na ce ya je ya wanke haƙorinsa. Har shayin can ya fi namu, ban ɓoye maka ba.

Sati biyu, zama uku sun tafi. Biyu rashin sa'a ne, wannan ba ya damuna, teku ma tana hanawa. Na ukun ne ya tsaya min a wuya. Manyan karta ne a hannuna, sarakuna biyu, wani ɗan Shanghai mai baƙin tabarau ya turo duk abin da ke gabansa. Na san ƙarya yake yi, yadda na san ruwan sama tun yana bayan dutse. A ƙaramin tebur da na bi shi ban ko ajiye kofina ba. Sai kawai na ga gwangwanin nan wayam, na ga ana bin maƙwabta ana karo-karo don a binne ni. Na yar da kartata. Ya buɗe tasa yana dariya, shara ce zalla. Daga nan kowa ya gane ni, suka yi ta tsiyaye ni har sauran kuɗin wannan zaman ya ƙare.

Karta ba ta canja ba, hannuna ne ya canja.

Asabar zan koma in karɓo abina. Kai kuma da ka ce ka gani da idonka, a wane ofis ka gani?

Yayanka

Hong Kong, 29 ga Janairu

Yaya,

Gaisuwa. Ina sauri don wannan ta riga Asabar.

A gidanmu na gani. Shekarar da ka tafi aikin jirgin kaya, Baba ya fara zuwa gidan caca. Da ya rasa kuɗin kifi, ya ɗauki na akwatin gawarsa don ya dawo da su, sannan na Inna, sannan ya jinginar da jirgin. Da na sayar, abin da ya rage bayan an sallami masu bi, shi ya saya masa akwatin da ka ɗauka a kafaɗarka.

Ya riƙe hannuna a asibiti ya ce kada A Tou ya ji, don kai kaɗai ka rage kana ganin girmansa. Na ga gara ka tsane ni. Yau na karya alkawarin, shi ma ya yafe min.

Ƙanenka, Kam Fai

Coloane, 6 ga Fabrairu

A Fai,

Gaisuwa.

Na mayar da dubu tamanin ƙarƙashin gado. Asabar na koma ƙaramin tebur. Lou ya tashi ya goge min kujera da hularsa, duk suka yi tafi. Na zauna, na saya masa shayi, na cinye masa dubu biyu.

Ka sake aiko takardar nan. Ba kyauta ba ce, rabona ne na jirgi. Ni zan cika sauran.

Ranar sharar kaburbura ka zo, ka taho da gasasshen alade, ba irin na bara da ka aiko ba. Ina da magana da Baba, kuma ina so ka tsaya kusa da ni.

Gado ɗaya ne a gidan. Ni ne babba, kai za ka kwana a ƙasa.

Yayanka, Kam Tou