Hoton Yaya Ba Na Kowa Ba Ne

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Mu nan ƙasar mutane lafiya lau, sai dai kwanan kujerar asibiti ya fara cin bayana.

Likita ya ce dashen ɓargon Yaya ya kama. Jiya da ƙafarta ta taka har bakin taga.

Amma Inna, raina ya ɓaci. Hotonta na kan gado, kanta ba gashi, ke kaɗai na tura wa. Wa ya ba Gwaggo? Ta watsa shi cikin dangi, har ana rubuta, "Allah ya sa ta cika da imani." Yaya ta karanta da idonta! Wuni guda ba ta ci abinci ba.

Don Allah Gwaggo ta goge shi yau. Yaya ta ce ki gaya musu, "Gashina ne ya zube, ni ina nan."

A sa mu a addu'a.

Autarki