Kyaftin Ya Gaya Mini Yana Ganin Jiri

Gwaggo, don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki sakaya sunana. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana, rashin wanda zan gaya wa ɗin ma yana cikin abin da ke damuna.

Ni ne jami'in kula da ma'aikata a sashen jiragen sama na wani kamfani. Ba jigilar fasinja muke yi ba. Ƙananan jirage biyu gare mu, masu kai manyan kamfanin wurin taro su dawo da su. Ba mu da yawa: matuƙa, injiniyoyi, mata biyu masu hidima a cikin jirgi, sai ni. Kowa a wurin ko yana tashi da jirgi ko yana gyara shi, ni kaɗai ne ban taɓa wuce matakalarsa ba. Aikina in tabbatar lasisin kowa bai ƙare ba, ya yi horon da doka ta ce, kuma wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya huta kafin a sake ɗora shi. A taƙaice ni ne mai cewa a'a. Shi ya sa suka laƙaba mini suna Hukuma.

Ofishina yana can ƙarshen baranda, tagarsa na kallon rumfar jirage. Ina jin dariyarsu a ɗakin shan shayi, amma da na tura ƙofa sai kowa ya tuna yana da saƙo a waya. Farkon zuwana wata mai hidima ta kawo mini turare tsaraba, na mayar mata saboda ƙa'idar aiki ta hana ni karɓa. Tun daga ranar ake rabon tsaraba a gabana a tsallake ni. Iyalina kuma suna wani gari saboda makarantar yara. In na tashi aiki ɗakin haya nake komawa, in ci abinci a tsaye, in kunna rediyo don kawai in ji muryar mutum.

Mutum ɗaya ne bai ɗauke ni dodo ba, wato babban matuƙinmu, dattijo mai barkwanci. Ni Yaya Kyaftin nake ce masa, shi kuma yana ce mini ƙanena. Duk ranar da ba shi da tafiya sai ya shigo da kofi biyu, ya ture takarduna, ya zauna a bakin tebur yana tsokanata, wai da ni ne na halicci tsuntsaye da sai sun nuna lasisi kafin su tashi. Da na kwanta zazzaɓi shi kaɗai ya nemo ɗakina, har matarsa ta aiko da abinci. Ba zan ɓoye miki ba, saboda shi nake ɗokin zuwa aiki.

Makon da ya wuce ya shigo, ya rufe ƙofa, abin da bai saba yi ba. Ya ce zai yi magana da ƙanensa ne ba da Hukuma ba, in yi masa alkawarin ba za ta fita ba. Ni kuwa daɗin an ɗauke ni mutum ya sa na yi alkawari tun ban ji mene ne ba. Sai ya ce kwanan nan jiri na ɗibarsa. Yakan zo ya wuce, amma sau ɗaya ya same shi suna gangarowa za su sauka, ya miƙa wa mataimakinsa tuƙi da sunan yana koya masa. Yana shan wani magani da ya saya a kemis. Gwajin lafiyarsa na gaba da sauran watanni, kuma yana tsoron in ya je wurin likitan matuƙa yanzu a karɓe masa takardar lafiya, shi ke nan an ajiye shi. Ya ce shi bai san kansa a ƙasa ba, in aka raba shi da jirgi bai san me zai yi da safiya ba.

Gwaggo, na san abin da doka ta ce, ni nake karanta wa sababbin ma'aikata ita. Amma in na kai maganar gaba na ci amanar mutum ɗaya tilo da ya riƙe ni ɗan'uwa, sauran kuma su ce dama sun faɗa. In na yi shiru, ranar Litinin yana da tafiya da mutane a bayansa, har da matar nan da na mayar wa turare. Jiya na tsaya a taga ina kallon sa yana zagaya jirgi yana shafa fiffike, ya ɗago mini hannu, na kasa ɗaga nawa. Kaɗaici ya ishe ni, kuma ina tsoron in ƙara wa kaina wani. Yaya zan yi?

Naki,
Na Ƙarshen Baranda

*

Ɗana Na Ƙarshen Baranda,

Na karanta wasiƙarka, na ji tausayinka, na kuma ji tausayin yayan naka. Mutumin da ya yi rayuwarsa a sama ba ƙaramin abu ba ne a ce masa ya sauko. Tsoronsa na gaskiya ne, kuma kirkin da ya yi maka ba na ƙarya ba ne. Kada ka bari kowa ya ce maka wannan abu mai sauƙi ne.

Amma bari in ja maka kunne kaɗan. Ba a yin alkawari kafin a ji magana, balle mai irin kujerarka. Kuma babu wata ƙofa da za a rufe ka daina zama jami'in ma'aikata. Kunnen da ƙane ya ji da shi, da shi Hukuma ya ji. Wannan sirri ba naku ne ku biyu ba, domin akwai mataimakinsa da bai san abin da ake ciki ba, akwai masu zama a baya da suka ba da ransu amana. Ba su cikin ɗakin lokacin da ka yi alkawari, kuma ba ka da ikon yi a madadinsu.

Ga abin da za ka yi, kuma kafin Litinin. Kada ka fara da ofishin shugaba, ka fara da shi. Ka je gidansa, ba ofis ba, ka gaya masa gaskiya: ka yi kuskuren alkawari, ba za ka iya riƙe wannan ba. Ka ba shi dama ya janye kansa daga tafiyar, ya je wurin likitan matuƙa da ƙafarsa, ya tafi da maganin da yake sha a nuna. Wanda ya kai kansa da wanda aka kai ƙara ba ɗaya ba ne, a wurin kamfani da wurin mutuncinsa. Ka ce za ka raka shi. In ya ƙi, ka sanar da shi a fuskarsa cewa za ka gaya wa shugaban sashe, sannan ka gaya wa shugaban, shi kaɗai, ba tare da ɗakin shayi ya ji ba.

Ni ba likita ba ce, kai ma haka, shi ma haka. Jiri yana da dalilai da yawa, wasu ana magance su mutum ya koma bakin aikinsa. Yana iya yiwuwa tsoron ya fi ciwon girma. Nan ne kuma aikin naka zai yi masa rana: ka duba abin da yarjejeniyar aikinsa ta tanada na hutun jinya, ka bincika ko zai iya horar da ƙananan matuƙa kafin a san matsayinsa. Ka je masa da wannan a hannu. Ba a'a kaɗai ofishinka ya iya faɗa ba.

Batun kaɗaici kuma, ka ɗora wa mutum ɗaya kayan da ya kamata mutane da yawa su ɗauka. Doka ta hana ka karɓar turare, ba ta hana ka ɗaukar kofinka ka zauna cikin mutane ba, ko da za su yi kwana biyu suna duba waya. Kuma ka kira maiɗakinka ka gaya mata kana cikin damuwa. Na lura a duk wasiƙarka ba ka ce ta sani ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, yana iya yin fushi, kofi biyun nan su daina zuwa na wani lokaci, ko ma har abada. Amma ka tsaya ka yi tunani. Mutumin nan yana da mata, yana da abokai matuƙa da za su rufa masa asiri su ce Allah ya sawwaƙe. Duk ya tsallake su, ya bi baranda har ƙarshe, ya gaya wa mutum ɗaya da ya san aikinsa shi ne hana shi tashi. Ni a ganina ba shiru ya zo nema wurinka ba. Ya kasa tsayar da kansa ne, ya zo wurin wanda zai iya.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar buga masa ƙofa.

Gwaggonku