Hannun Hagun Mama

Montevideo, 9 ga Mayu, 1987

Yaya Leopoldo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya kai da Nélida da yara, kuma gwiwar nan taka ta yi sauƙi.

Littafin ya iso jiya: sonatar Baba, wato dogon kiɗan fiyanon nan da ya rubuta, an buga ta da sharhin masana, sunansa da ruwan zinariya. Murnata ba ta wuce kashi na biyu ba. Wannan Farfesa Otegui, wanda ka kwashi rubutun hannun Baba ka damƙa masa ba tare da ka shawarce ni ba, ya cika ɓangaren da hannun hagu ke kaɗawa da sautuka. Inda Baba ya rubuta biyu, shi ya zuba biyar. A ƙasan shafi kuma ya ce wai tsufa ne ya sa mawallafin ya yi sakaci, shi ya gyara.

Sakaci! Ka manta ƙofar jirgin ƙasa da ta murƙushe wa Mama yatsu uku na hannun hagu? Shekara shida ba ta taɓa fiyano ba, sai da Baba ya rubuta mata abin da yatsu biyu za su iya. Kana wurin ranar da ta fara kaɗa shi. Ko kalma ɗaya ba ka gaya wa mutumin ba?

Ƙanwarka,
Amalia

23 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Amsarka ta zo, wai in bar masana su yi aikinsu. To, ban bari ba.

Na je ofishin Farfesan na yi bayani, ya ce, "Malama, da takarda nake aiki, ba da labarin gida ba." Washegari na koma da Mama, da sandarta da shekarunta tamanin da huɗu. Ba ta gaishe shi ba. Ta zauna gaban fiyanonsa, ta kaɗa kashi na biyun nan daga farko har ƙarshe, yana tsaye yana kallon hannunta. Da ta gama ta ce, "Ɗana, nuna mini inda mijina ya yi kuskure."

Ya kasa. Za a janye bugun, a sake buga shi yadda Baba ya rubuta.

A hanya ta tambaye ni wa ya ba shi takardun. Ban rufa maka asiri ba. Ta ce ka hau jirgin ruwa ka zo ranar Lahadi, kai kaɗai.

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Amalia